Yankan Daimon Da Asalin Siffofinsa

Kalmar da Hausawa suka fi sabawa da ita in za su ambaci dutse mai daraja ita ce lu'ulu'u, masu fassara da yawa kuma su kan ɗora ta a kan dutsen da za a yi bayaninsa a wannan takarda. Amma kalmar asalinta Larabci ce, ma'anarta kuwa farin ƙwallon nan mai sheƙi da a ke samu cikin wata halitta mai ɓawo ta teku. Dutsen da mu ke nufi Larabawa almas su ke ce da shi, sun kuwa aro sunan daga Yunananci, adamas, watau wanda ba a rinjayarsa. A nan za mu kira shi daimon, kamar yadda 'yan kasuwa da gidajen rediyo su ke kiransa, domin kada abu biyu su cakuɗe. Bambancinsu ya wuce na suna. Lu'ulu'u da kyansa ya ke fitowa daga ruwa, abin da ya rage sai a huda shi a zura a zare. Daimon kuwa, sa'ad da aka haƙo shi, bai fi kama da kome ba sai gutsuren kwalba da ya daɗe cikin rairayi ya dushe. Ƙyallin da a ke gani a zobe duk aikin hannu ne.

Tambaya biyu ke nan ta taso. Tun da ya ke babu ma'adinin da ya kai shi tauri, da me a ke yanka shi? Sa'an nan me ya sa masu yankan suka tsaya a kan waɗansu siffofi kaɗan, suna maimaita su ƙarni bayan ƙarni?

Tauri da jijiya

A shekarar 1772 Lavoisier, masanin Faransa, ya tara zafin rana da babban gilashi ya ƙone daimon har ya ɓace. A 1797 kuma Smithson Tennant na Ingila ya tabbatar da cewa daimon kabon ne zalla, watau ainihin abin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. Cikin daimon kowace ƙwaya ta kama maƙwabta 4 da ƙarfi, haka ginin ya tafi ta kowane sashe ba yankewa. Irin wannan jeri ba ya samuwa sai da zafi da matsi mai tsanani, kamar wanda ke can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita 150 ko fiye. Aman wuta na zamanin da ne ya turo shi sama. A ma'aunin tauri mai hawa 10 da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, yaƙutu na hawa na 9, daimon na hawa na 10, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu kuwa ta fi ta sauran hawan duka nisa.

Sai dai tauri daban, jure bugu daban. Mutanen da sun ruɗe a nan. Pliny, marubucin Rum, ya rubuta cewa in an ɗora daimon a kan maƙera aka buga, guduma ce za ta fashe, kuma wannan magana ta yi ta yawo har shekaru fiye da dubu. Allah kaɗai ya san yawan duwatsu na gaske da aka farfasa wajen gwada ta. Gaskiyar al'amari ita ce ba abin da ke iya karce daimon sai ɗan'uwansa, amma bugu ɗaya in ya faɗa daidai ya kan raba shi biyu.

Domin a gane dalili, sai a dubi siffar da ya ke fitowa da ita. Wadda aka fi so ita ce mai fuska 8, kowace fuska alwatika. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai ita sai ya tuna musu da dalar gyaɗa da a kan gina a Kano a da: a ɗauki dala biyu masu gindi murabba'i, a kife ɗaya, a manna gindinsu. Fuskokin nan 8 biyu-biyu su ke, kowace tana da abokiya da ke daura da ita a ɗaya gefen, saboda haka hanyoyi 4 ke nan. A kan waɗannan hanyoyi 4 ɗaurin da ke tsakanin jerin ƙwayoyin bai kai na sauran wurare yawa ba, ta nan ne dutsen ya ke tsagewa sumul. Mai faskare ya san irin wannan a itace: in gatari ya bi jijiya sai icce ya dare, in ya gitta ta sai a yi ta fama. Mu ma jijiya za mu kira ta a nan.

Akwai wani abu kuma wanda shi ne tushen sana'ar duka. Taurin daimon ba ɗaya ba ne ta kowane sashe. Fuskokin nan 8 na halitta su ne mafi tauri, kusan ba su gogu ko kaɗan. Waɗansu sassan kuwa suna da ɗan sauƙi. To, in aka daka daimon ya zama gari, ƙwayoyin garin su kan fuskanci ko'ina barkatai, lalle waɗansu daga cikinsu za su juyo da sashensu mai tauri. Waɗannan su ke cin sashe mai sauƙi na dutsen da a ke gogawa. Da taurinsa ɗaya ne ta ko'ina, da har yau ba a san ƙyallin daimon ba.

Matakan aikin

Kafin a ci gaba, a san ma'auni. Da karat a ke auna daimon. Sunan ya samo asali daga ƙwayar wani itace da 'yan kasuwar gabashin Bahar Rum su kan ɗora a sikeli, shi ne Larabawa su ke ce wa ƙiraɗ. A da kowace kasuwa da nata karat, sai a 1907 aka daidaita shi a kan kashi 1 cikin 5 na giram. Karat 5 ke nan giram 1.

Matakin farko ba a taɓa dutsen da ƙarfe. Gwani ya kan zauna da shi da madubin ƙara girma, yana juya shi, yana neman jijiya, da tsaga, da ɗigon baƙi ko gajimare da ke ciki. In bayan dutsen ya dushe har ba a hangen ciki, sai a goge ɗan wuri kaɗan a yi taga. Sa'ad da ya yanke shawara sai ya ja layi da tawada. A ganina wannan layi shi ne rabin aikin, gama duk abin da ya biyo baya cika umurninsa ne kawai, abin da aka cire daga daimon kuwa ba ya komawa.

Raba dutsen iri biyu ne. Tsohuwar hanya ita ce tsagawa. A kan kafe dutsen a kan sanda da wani irin danƙo, a ɗauki wani daimon mai kaifi a yi ta gurza har a sami ɗan tsagi a kan layin jijiya, sa'an nan a sa reza ta ƙarfe marar kaifi cikin tsagin a buge ta sau ɗaya. Rezar ba yanka ta ke yi ba, buɗa tsagin ta ke yi kamar yadda a ke sa tsinken ƙarfe a dare gungume. In lissafi ya yi daidai dutsen ya rabu cikin ƙiftawar ido. In an kuskure jijiya, ko akwai wata ɓoyayyiyar tsaga, ya kan tarwatse. Hanya ta biyu zarto ne, wanda ya yaɗu wajen shekarar 1900. Faifai ne na tagulla, siriri kamar takarda, ba shi da haƙori, sai garin daimon da mai da a ke shafa wa bakinsa. Yana juyawa sau dubbai a minti guda, duk da haka dutse mai karat 1 ya kan ci sa'o'i da dama kafin ya rabu. Amfanin zarto shi ne yana iya gitta jijiya. Da shi a kan yanke mai fuska 8 kaɗan sama da ƙugunsa, a sami dala biyu, babba da ƙarama, kowace ta zama dutsen zobe. Kafin zuwansa, tsinin sama gogewa a ke yi ya tafi a gari.

Daga nan sai kewayewa. A kan ɗaura dutsen a bakin injin da ke juya shi, a danna masa wani daimon, su yi ta cin juna har kusurwoyin gindin dala su tafi, ya zama da'ira. Garin da ke zuba ba a zubar da shi, shi ne abin aikin mataki na gaba.

Guga ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma mai cin lokaci. Akwai faifan baƙin ƙarfe na zubi, a kwance kamar dutsen niƙa, an shafe shi da garin daimon da man zaitun, yana juyawa wajen sau 3,000 a minti. A da, cikin curin dalma da kuza a ke dasa dutsen, a bar wurin da za a goge kaɗai a waje. Kowace fuska sai an narkar da dalmar an sake dasawa. Yanzu mariƙi na ƙarfe mai ma'aunin kusurwa a ke amfani da shi. Mai guga ya kan ɗora dutsen a faifai na ɗan lokaci, ya ɗaga ya duba da madubi, ya mayar, haka ɗaruruwan sau. In fuska ta ƙi ci, ya san ya ci karo da jijiya, sai ya juya mariƙin kaɗan har ya ji faifan ya kama. Aikin ya kasu biyu: wani ya fitar da manyan fuskoki na farko, 8 a sama, 8 a ƙasa, da shimfiɗaɗɗiyar fuskar bisa, wani kuma ya bi ya ƙara ƙananan. In an gama sai a dafa dutsen cikin ruwan asid domin mai da gari su fita. Galibi abin da ke saura bai kai rabin nauyin da aka fara da shi ba.

Abin da haske ya ke bukata

Mai hankali zai tambaya, don me za a yarda a yi hasarar rabin abu mai tsada haka? Amsar tana wajen haske. Cikin sarari haske ya kan yi tafiyar kilomita wajen 300,000 a daƙiƙa, cikin daimon kuwa ba ya wuce wajen 124,000. Saboda wannan jinkiri ya kan tanƙware ƙwarai in ya shiga, kuma fita ta kan yi masa wuya. Hasken da ke cikin dutsen in ya doshi wata fuska a miƙe, ko kusa da miƙe, ya kan fice. Amma in ya karkace daga miƙe fiye da digiri 24 da ɗan kai, fuskar ta kan zama madubi ta mayar da shi ciki gaba ɗaya. A gilashi sai karkatar ta kai wajen digiri 42 kafin haka ta faru, a ruwa kuwa wajen 49. Ana iya nuna wa ɗalibai wannan da tambulan na gilashi cike da ruwa: in an ɗaga shi aka dubi saman ruwan daga ƙasa a karkace, sai a ga ya koma kamar azurfa.

Har ila yau, farin haske gamin launuka ne, daimon kuwa ba ya tanƙwara su daidai da juna. Shuɗi ya fi ja tanƙwaruwa. Don haka hasken da ya shiga fari ya kan fito a warwatse kamar bakan gizo, wannan shi masu sana'ar su ke kira wuta.

Ya kamata a sa wa sassan yankakken dutse suna da Hausa, ga waɗanda mu ke ba da shawara. Shimfiɗaɗɗiyar fuskar bisa ita ce tebur. Da'irar da ta kewaye dutsen a inda ya fi faɗi ita ce ɗamara. Abin da ke tsakanin tebur da ɗamara rawani, abin da ke ƙarƙashin ɗamara har zuwa tsini kuwa gindi. Burin mai yanka shi ne hasken da ya shiga ta tebur ya bugi wani gefe na gindi, ya tsallaka ya bugi ɗaya gefen, ya komo sama ya fita ta rawani zuwa idon mai kallo. In gindi ya cika zurfi, haske ya kan zurare ta gefe, tsakiyar dutsen ta yi duhu. In ya cika faɗi ba zurfi, ya kan zube ta ƙasa, dutsen ya zama fayau kamar idon kifi. Tsakanin kyau da lalacewa bai fi digiri biyu ko uku ba.

Nauyi ko ƙyalli

Tarihin siffofin daimon jayayya ce tsakanin mai son a bar nauyi da mai son a sami ƙyalli. Har zuwa wajen 1725, sa'ad da aka gano shi a Barazil, kusan duk daimon na duniya daga Indiya ya ke fitowa, mutanen Indiya kuwa girman dutse su ke girmamawa. Tavernier, falken Faransa wanda ya yi tafiya 6 zuwa gabas ya kuma buga labarinsa a 1676, ya ga faifan guga a wuraren haƙa na can, ya ce su kan rufe dutse da ƙananan fuskoki ne domin su ɓoye aibinsa ba tare da rage shi da yawa ba. Shi ne kuma ya kawo labarin wani mutumin Banis, Hortensio Borgio, wanda aka ba shi wani dutse na Sarki Shah Jahan mai karat wajen 787, ya goge shi har ya koma wajen 280. Maimakon lada, sarki ya ci shi tarar rupi 10,000.

A Turai an fara ne da gyara fuskoki 8 na halitta kawai, a bar dutsen da tsininsa. A ƙarni na 15 aka soma goge tsinin sama a yi tebur. Mutanen Beljiyam su kan jingina ƙago faifan guga ga Lodewyk van Bercken na birnin Bruges a wannan ƙarni, ko da ya ke labarin ya fi kama da abin da aka gada a baki. A ƙarni na 16 yankan fure ya bayyana: ƙasa a shimfiɗe, sama a tattare kamar tulluwa, an rufe ta da alwatika har 24. Yana da sheƙi mai laushi, kuma ya dace da gutsattsari masu faɗi da a ke samu wajen tsagawa, amma tun da ba shi da gindi ba ya mayar da haske. Daga ƙarni na 17 aka shiga ƙara fuskoki a rawani da gindi, har aka kai ga abin da a ke kira biriliyan. Na farkon ba da'ira ba ne, murabba'i ne mai dunƙulallun kusurwoyi kamar matashin kai, mai dogon rawani da ƙaramin tebur. Dalili kuwa a fili ya ke: gindin dala murabba'i ne, kuma kewaye shi da hannu wahala ce da hasara. Sai bayan 1870, da Henry Morse da Charles Field suka ƙera injin kewayewa a Boston ta Amurka, cikakkiyar da'ira ta zama abin yau da kullum.

Koh-i-Nur, watau Dutsen Haske da Farisanci, shi ne babban misalin karon ra'ayin biyu. Ingilishi sun karɓe shi a 1849 sa'ad da suka ci ƙasar Panjab, aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851. Jama'a suka yi cincirindo, suka koma suna gunaguni wai bai fi gilashi ba, gama yankan Indiya ne, ba a yi shi domin ya mayar da haske ba. A 1852 aka kawo gwanaye daga Amstadam suka sake yanka shi cikin kwana 38, ya sauko daga karat 186 zuwa wajen 105. An sami ƙarin ƙyalli, amma fiye da kashi 40 cikin 100 na dutsen ya tafi, tare da siffar da sarakunan Indiya da Farisa suka san shi da ita. Ni dai ina ganin cinikin bai yi riba ba.

Wanda ya sa lissafi a cikin al'amarin shi ne Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon na Antwap, wanda ya karanta aikin injiniya a Landan. A littafinsa na 1919 ya bi hanyar haske cikin dutse da alƙalami, ya fitar da cewa gindi ya karkata digiri 40 da kashi 3 cikin 4 daga ɗamara, rawani digiri 34 da rabi, faɗin tebur kuma ya zama kashi 53 cikin 100 na faɗin dutsen. Ba shi ya ƙago siffar ba. Gwanaye sun riga sun kusanci waɗannan adadi da ido da gwaji, shi ya bayyana dalilinsu. Biriliyan mai da'ira na yau yana da fuska 57: tebur 1, da 32 a rawani, da 24 a gindi. In an ɗan goge tsinin domin kada ya karye, sun zama 58.

Jayayyar ba ta mutu ba. Farashin daimon ba ya hawa a hankali, tsalle ya ke yi a kan cikakkun adadi. Dutsen da ya cika karat 1 ya fi wanda ya gaza da kaɗan tsada nesa, saboda haka mai yanka ya kan ji kwaɗayin barin ɗamara da kauri ko gindi da zurfi domin sikeli ya cika. Mai saye ya biya kuɗin nauyin da ke rage wa dutsen kyau. Domin maganin wannan ne cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka, GIA, ta soma rubuta darajar yanka a takardun shaidarta na biriliyan mai da'ira a 2006.

Sauran siffofi

Ba kowane ɗanyen dutse ne ke fitowa da fuska 8 daidai ba, sauran siffofin kuwa yawancinsu dabarun bin abin da aka samu ne. Dogon dutse a kan mai da shi siffar ƙwai, ko ta ɗigon ruwa, ko mai tsini biyu kamar kwalekwale. Waɗannan duk 'yan'uwan biriliyan ne da aka ja, aibinsu kuwa wata inuwa da kan gitta tsakiyarsu in ba a daidaita gindi ba. Akwai tagwayen duwatsu da kan fito a faɗaɗe masu kusurwa 3, jijiyarsu a harɗe. Su a kan mai da su siffar zuciya ko alwatika. Murabba'i mai kaifin kusurwa da a ke kira firinses, wanda ya yaɗu daga wajen 1980, dala ce kifaffiya kusan yadda zarto ya bar ta, don haka hasararsa ba ta kai ta da'ira ba, kuɗinsa ma bai kai ba.

Yankan matakala dabam ya ke. An aro shi daga masu yankan zumurrudu: dogayen fuskoki a jere kamar matakan bene, da faffaɗan tebur, da kusurwoyi a datse. Gidan Asscher na Amstadam ya fito da irinsa mai murabba'i a 1902. Ba shi da yawan walƙiya, sai dai a hangi cikin dutsen kamar ruwan rijiya mai garau. Biriliyan ya kan ɓoye ɗigo da ɗan rawaya cikin ƙyallinsa. Matakala ba ta ɓoye kome, don haka ba a yi wa dutse ita sai mai tsabta.

Manya biyu daga kudancin Afirka

Ran 26 ga Janairu 1905 aka tsinci daimon mafi girma mai darajar ado da aka taɓa samu, a ramin Premier kusa da Pretoria. Nauyinsa karat 3,106, watau giram 621, tsawonsa wajen santimita 10. Aka sa masa sunan Thomas Cullinan, shugaban kamfanin. Gwamnatin Transvaal ta saye shi fam 150,000 ta ba Sarki Edward na 7 a 1907, aka danƙa wa Joseph Asscher aikin. Akwai baƙin ɗigo a cikinsa, dole layin tsagawa ya bi ta kansa. Gurza tsagin kaɗai ya ci kwana 4. Ran 10 ga Fabrairu 1908 Asscher ya buga, reza ta karye, dutsen bai motsa ba. Da aka sake sa wata ya buga, sai ya rabu biyu daidai inda aka nufa. Mutum 3 suka yi wata 8 suna guga, sa'a 14 kowace rana. Aka fitar da manyan duwatsu 9 da ƙanana 96. Babbansu, mai siffar ɗigon ruwa, karat 530 ne da fuska 74, yana kan sandar sarautar Ingila. Na biyu, mai siffar matashi, karat 317, yana gaban kambin sarauta. In an tara su duka ba su fi kashi 1 cikin 3 na ɗanyen dutsen da kome ba.

Bayan shekara 110, a 2015, aka haƙo wani mai karat 1,109 a Karowe ta ƙasar Botswana, aka sa masa suna Lesedi La Rona, watau Haskenmu da harshen Tswana. Kamfanin Graff ya saye shi dala miliyan 53 a 2017. A wannan zamani ba a dogara ga ido kaɗai: na'ura ta kan ɗauki siffar dutse ciki da waje, kwamfuta ta nuna inda kowane aibi ya ke, ta gwada dubban hanyoyin rabawa kafin a taɓa shi, sa'an nan a yanka da hasken leza, wanda ba ruwansa da jijiya, gama ƙona hanyarsa ya ke yi. Wannan dutse ya fi ƙarfin na'urorin da ke akwai, sai da aka ƙera masa tasa. A 2019 aka nuna sakamako: babban dutse ɗaya mai yankan matakala, karat 302, da ƙanana 66. Leza ta kawar da fargabar bugu ɗaya, ta kusa kashe sana'ar tsagawa, amma ba ta rage hasarar nauyi da wani abin kirki ba, kuma fuskokin ƙarshe a kan faifan ƙarfe da garin daimon aka goge su. Daimon da a ke ƙerawa a masana'anta, wanda kamfanin General Electric ya ba da sanarwar yinsa a 1955, shi ma a dushe ya ke fitowa, sai ya bi ta faifan nan.

Inda a ke haƙa daimon da inda a ke yanka shi sun daɗe da rabuwa. An same shi a Afirka ta Kudu a 1867, a kwarin Birim na Gana a 1919, a Saliyo a 1930, a Orapa ta Botswana a 1967, amma gugar ta zauna a Amstadam da Antwap, daga baya ta koma Indiya. Birnin Surat na jihar Gujarat shi ke goge wajen 9 cikin kowane 10 na daimon ɗin duniya, har da ƙananan da a da a kan ce ba su isa a wahala a kansu ba. Botswana ta matsa a kan a bar mata wani rabo na aikin. A 2013 kamfanin De Beers ya ɗauke cinikin ɗanyen daimonsa daga Landan ya mai da shi Gaborone, an kuma buɗe masana'antun guga a ƙasar, inda 'yan ƙasa su ke koyon neman jijiya a kan faifai.